Yaron butik: aikin da ake rainawa, alhali shi ke riƙe da cinikin unguwa

Duk shekara, da zarar an rufe lakwal aka kuma fitar da sakamakon jarrabawar BEPC, sai ka fara ganin sababbin fuskoki a kantunan unguwa. Daga Yamai zuwa Maraɗi, Damagaram, Tawa da Birnin Ƙonni, labarin ɗaya ne: saurayi ɗan shekara 15 zuwa 20, bik a kunne, yana waiwayen maigida yana tambayar kuɗin gwangwanin tumatir. Wasu hutun wata uku kawai za su yi, su koma aji a watan Oktoba. Wasu kuwa sun shiga ke nan, karatu ya ƙare masu daga ranar.

A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, kuma aikin albashi bai wadata ba, butik na cikin ƙofofin farko da matashin birni ke bugawa. Ba a tambayar shi difloma, ba a tambayar shi inda ya taɓa aiki. Sai dai mutane kaɗan ne ke tsayawa su duba abin da aikin ya ƙunsa, abin da yaro ke samu cikinsa, da abin da yake iya rasawa.

Ba neman aikin ake ba, kai mutum ake yi

A manyan kantunan Yamai masu injin lissafi da ma'aikata cikin tufafi iri ɗaya, akan nemi takardu, a gwada mutum na ɗan lokaci kafin a ɗauke shi. Amma akasarin cinikin kayan masarufi ba can yake ba. Yana cikin ƙananan butik da alimantasiyo na unguwa, inda hanyar shiga ita ce sanayya.

Uba ne, ko kawu, ko wani dattijon unguwa, zai kama hannun yaro ya kai shi. “Alhaji, ga ɗanka nan, a riƙe mana shi ya koyi wani abu.” Alhaji ya ce, “Ba komi, ya zo gobe da safe.” Shi ke nan an gama. Ba a yi maganar kuɗi ba, ba a yi maganar lokacin tashi ba, don kunya ba ta bari. Wanda ya kawo yaron shi ne lamuninsa: in wani abu ya ɓace, shi za a fara nema.

Dalilin wannan tsari a bayyane yake. Mai butik ba ƙarfi yake saye ba, amana yake saye. Kuɗin da ke cikin aljihun tebur ba wanda ke ƙirga su sai dare, kaya kuwa sun fi ƙarfin a san adadinsu kullum. Shi ya sa ake hawa aikin mataki-mataki. Da farko shara, ɗauko kaya da aike. In an ga hankalinsa, a bar shi ya yi awo. Daga nan a bari ya karɓi kuɗi ya bada canji. Sai a fara aiken shi kasuwa sarin kaya. Ranar da aka danƙa mashi makulli ya buɗe shi kaɗai, to ya zama yaron gida. Wani cikin wata shida yake kai wa nan, wani sai ya shekara biyu bai taɓa aljihun tebur ba.

Daga buɗewa zuwa rufewa

Butik na unguwa na buɗewa kafin yara su tafi lakwal, don cinikin safe na burodi ne, sukari, madara da ganyen shayi. Kafin mai saye na farko ya iso, yaro ya share ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya kakkaɓe ƙurar da ta kwana kan gwangwanaye, ya fitar da buhunan da ake jerawa waje. Lokacin hunturu, in iska ta taso, kakkaɓar nan sau uku ake yin ta a yini.

Sai ɗaukar kaya. Shinkafa na zuwa cikin buhu mai kilo 25 ko 50, sukari da fulawa mai kilo 50, man girki cikin bido mai lita 20 ko 25. Ranar da mota ko amalanke ta kawo kaya daga Katako a Yamai, ko daga kasuwar Dole a Damagaram, yaro ne ɗan dako, shi ne kuma mai ƙirga. In kwali ɗaya ya yi ƙafa tsakanin mota da mangaza, shi za a tambaya.

Jeren kaya ma ilimi ne. Sabulu da omo ba su kwana kusa da sukari ko fulawa, don ƙamshinsu na kama abinci. Buhu ba ya zama ƙasa kai tsaye, sai an sa katako, saboda laima da ɓeraye. Sabon kaya baya ake sa shi, tsohon a jawo shi gaba, in ba haka ba wata rana a tarar da kwalin madara guda wa'adinsa ya wuce. Karanta ranar lalacewa kuma na da tarko: kayan da suka fito daga ƙasashe masu Faransanci suna fara rubuta rana sannan wata, na Amurka kuwa wata suke farawa da shi. Gwangwanin da ya kumbura, ko da ranarsa ba ta cika ba, ba na sayarwa ba ne.

Ga kuma firigo. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ruwan sanyi, yawur da ƙanƙara su ne ke kawo ciniki. In wuta ta ɗauke, yaro ne zai san sau nawa zai buɗe murfi, da abin da zai fara fitarwa kafin ya lalace. Cikin azumi kuwa, daga la'asar zuwa shan ruwa ko zama ba ya yi, shi ma da ƙishirwarsa.

Aikin da ya fi cin lokaci, wanda mai saye ba ya gani, shi ne ƙulli. Talaka ba ya sayen kilo, na dala biyar ko na dala goma yake saye. Don haka tsakar rana, in ciniki ya lafa, yaro zai zauna ya ƙulla sukari, madarar gari, mai da omo cikin ƙananan leda. Nan riba take, nan kuma take zubewa. A ce buhun sukari mai kilo 50 aka raba shi rabin kilo-rabin kilo, ƙulli 100 ke nan. In hannun yaro ya yi nauyi, kowane ƙulli ya ɗara da giram 20 kacal, kilo biyu sun tafi ba wanda ya sata. In kuma ya rage don ya burge maigida, ya shiga haƙƙin mutane, abin da sura guda ta Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifina, ta yi kashedi a kai. Su ma matan unguwa ba su da sikeli, amma hannunsu ya san nauyin ƙullin jiya.

Lissafin da allo bai koyar ba

Mu da ke koyarwa mun san wani abu: yaron da ke cin lissafi a aji na iya ruɗewa ranarsa ta farko a butik. A lakwal da faran ake ƙirga, a kasuwa da dala. Dala ɗaya faran biyar ce, don haka duk kuɗin da ke rubuce jikin kaya sai an raba shi biyar kafin a faɗa ma tsohuwar da ke tsaye. Faran 100 dala ashirin ne, 250 dala hamsin, 475 dala casa'in da biyar, 1,750 kuwa jika ɗaya da dala ɗari da hamsin. Babban tarkon shi ne kalmar “ɗari”. Mai magana da Faransanci in ya faɗi ɗari, faran 100 yake nufi. Inna in ta ce ɗari, faran 500 take nufi. A Yamai sai a ƙara da Zabarmanci, inda waranka, wato ashirin, ke nufin faran 100. Cikin minti biyar yaro na iya yin lissafi ɗaya da harshe uku.

A garuruwan bakin iyaka kamar Ƙonni, Ɗan Isa da Magarya, ga naira a kai. Tun da darajarta ta faɗi sosai daga tsakiyar 2023, canjin safe ba lalle ya zama na marece ba, kuma wanda ya karɓi naira da lissafin jiya ya yi ma maigida hasara.

Sai matsalar ƙananan kuɗi. Mutum zai miƙo takardar jika goma ya ce a ba shi ashana ta dala biyar. In ka ce ba canji, ya tafi butik na gaba, ƙila ba zai dawo ba. In ka ba shi, ka kwashe canjin yini. Shi ya sa yaron da ya ƙware ke ƙulla zumunci da mai shayi, mai ƙosai da ɗan kabu-kabu, don su ke tara silalla. Yanzu kuma ga biya ta waya: mai saye ya nuna saƙo a wayarsa ya ce ya tura. Ƙa'idar da kowane sabon yaro ya kamata ya riƙe ita ce, saƙon da ya shigo wayar butik shi ne shaida, ba wanda aka nuna mashi ba.

Kayen bashi

Kowane butik na da kaye guda da ya fi sauran datti, shi ne na bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mu ma'aikata masu jiran ƙarshen wata mun san shafinmu a ciki. Ba don wannan kaye ba, gidaje da yawa ba za su ɗora tukunya ba daga ashirin ga wata. Mai butik ma ya sani: wanda ya hana bashi gaba ɗaya, unguwa za ta guje shi.

Amma a nan ne yaro ke shiga tsaka mai wuya. Maigida ya fita ya ce kar a ba kowa. Sai ga ƙanwar uwarsa, ko malamin da ya koyar da shi, ko matar maƙwabci da goyo a baya: “Haba ɗana, rubuta mani mana, jibi Baban su zai kawo.” In ya hana, a ce ya samu wuri ya manta mutane. In ya bayar aka ƙi biya, daga ɗan abin da yake samu za a cire. Dabarar da tsofaffin yaran kanti ke koya ma sababbi ba ta da wuya: a rubuta nan take gaban mai karɓa, da rana da adadi, a karanta mashi ya ji. Wanda ba ya cikin kaye tun da, a kira maigida a waya ya faɗa da bakinsa. Abin da aka ce “zan rubuta an jima” shi ke zama rigima.

In kuɗi suka kasa, wa zai biya?

Ribar kayan masarufi siririya ce. A ce an sari kwalin tumatir mai gwangwani 50 a kan jika tara, ana saida kowane dala arba'in. In duk sun fita, an samu jika goma, riba jika ɗaya. Gwangwani biyar kawai za su lalace ko su ɓace, ribar kwalin duka ta tafi. Wannan ne ya sa masu butik ke da zafi kan abin da ya kasa, kuma ba a ce ba su da gaskiya ba.

Matsalar ita ce ƙananan butik da yawa ba su ƙirga kayansu sai a shekara sau ɗaya, wasu ma ba su yi sam. Ƴaƴan maigida su shigo su ɗauki biskit, uwargida ta aiko a ba ta mai da magi na cefane, shi kansa Alhaji ya zari jika biyu ya yi ma wani alheri, duk ba a rubuta ba. Ranar da aka ga jari ya rame, ido kan yaro yake sauka. Kuma a garuruwanmu, in aka ce an kori wane don hannunsa ba shi da kyau, maganar na bin shi har wurin neman aure. Abin da ke kare yaro da maigida duka shi ne rubutu: duk abin da ya fita ba da kuɗi ba, ko na gidan maigida ne, a sa shi a kaye, kuma a ƙirga kuɗin aljihun tebur tare, safe da dare.

Tsadar da ba shi ya kawo ba

Nijar ba ta da teku. Shinkafar Indiya da Tailan, man girki, madarar gari da taliya, galibinsu ta tashar jiragen ruwan Kwatano suke biyowa a da, su shigo ta Malanbil da Gaya, tafiyar kusan kilomita dubu zuwa Yamai. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya kuma ta yanke wutar da take bayarwa. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome su ratsa Burkina Faso, hanya mai nisa da haɗari. Kafin wannan ma, ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram ba su manta da rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ba.

Duk wannan a bakin teburin butik yake ƙarewa. Mai saye bai san dillali ba, bai san duwan ba, yaron da ke gabansa ya sani. “Kai, jiya fa dala saba'in na saya! Ku ji tsoron Allah.” Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Yaron da ya iya cewa “Wallahi Hajiya daga sama ya taso, ki yi haƙuri” ba tare da ya ɗaure fuska ba, ya koyi rabin kasuwanci.

Abin da doka ta ce, da abin da ake yi

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumban 2012, ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki. Ta ɗauki awa 40 a mako a matsayin ma'aunin lokacin aiki, ta kuma wajabta hutun yini guda kowane mako. Mafi ƙanƙantar albashi, wato SMIG, an tsaida shi a kan sefa 30,047 tun 2012, kafin hukumomi su sanar da ɗaga shi zuwa 42,000. Haka kuma wajibi ne mai ɗaukar ma'aikaci ya rubuta shi a asusun CNSS, wanda ke kula da haɗarin wurin aiki da fansho.

To, a kwatanta da butik da ke buɗewa ƙarfe bakwai na safe ya rufe goma na dare, kwana bakwai a mako. Awa 105 ke nan, fiye da ninki biyu da rabi na ma'aunin doka. Biya kuwa sau da yawa ba albashin wata ba ne: kuɗin abincin rana, kwano daga gidan maigida, ɗinkin salla, da ɗan abin da aka ga dama in wata ya ƙare. Yaron da buhu ya gurɗa ma baya, maganinsa ya danganta da kirkin wanda yake yi ma aiki. Ƴan matan da ake ɗauka karɓar kuɗi a manyan alimantasiyo su ma da nasu: tashi cikin dare, kuɗin abin hawa da ke cinye rabin abin da aka samu, da maganganun wasu masu saye da ba su san iyakarsu ba.

Masu butik na da amsarsu, kuma ya kamata a ji ta. Ga haya, ga kuɗin wuta, ga patanti da lanho, ga bashin da ba ya dawowa. Mai ƙaramin butik da yawa shi kansa ba ya tashi da abin da ya kai SMIG a wasu watanni. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ba shi da hali da wanda ke da rassa uku da motar ɗaukar kaya, yana kuma kiran ma'aikacin da ya shekara biyar “yaro mai koyo”. Ofishin sufeton ƙwadago na nan a manyan biranen jihohi don irin wannan, sai dai yaron da kawunsa ya kai shi aiki da wuya ya kai ƙarar abokin kawun nasa.

Sallama

Abin da ke sa iyaye haƙuri da ƙarancin biya shi ne fatan sallama. Tsarin tsoho ne. Wani mai bincike Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya wallafa littafi a 1986 kan Alhazan Maraɗi, inda ya bayyana dangantakar ubangida da baransa, da yadda ake auna girman ɗan kasuwa da arzikin mutane, ba da kuɗi kaɗai ba. Bara ya yi hidima shekaru, ubangida ya yi mashi aure, ya ba shi jari ko kaya bashi, ya buɗe nasa. Manyan ƴan kasuwa da dama ta wannan hanya suka taso, kuma har gobe ana yi.

Sai dai alkawarin da ba a faɗa ba, ba a iya bin sa. Wani maigida na cikawa har ya ƙara. Wani ya rasu, magada su ce ba su san zancen ba. Wani kuma, daidai lokacin da sallama ta ƙarato, sai a tarar da kuɗi sun kasa. Wanda ya shiga yana ɗan 16 ya fito yana ɗan 26 hannu wofi, ba difloma ba jari, shi ne ainihin wanda aka cuta a wannan sana'a.

Kafin a kai yaro

Ba a ce kar a kai yaro butik ba. Wanda ya yi aikin da hankali na fitowa da abin da aji ba ya bayarwa: saurin lissafi, sanin kaya da dillalai, iya magana da babba da yaro, da haƙuri. Amma maganar da kunya ke hanawa ranar farko ita ce ke zama gaba ranar ƙarshe. Mai kai yaro ya tambaya gaban shaidu biyu: nawa za a riƙa ba shi, kuma yaushe? Ƙarfe nawa zai tashi, wace rana zai huta? In kuɗi suka kasa, yaya za a bincika kafin a cire mashi? In koyo ne da sallama, shekara nawa? A rubuta a takarda ko da rabin shafi ne, kowa ya riƙe tasa.

Ga ɗan lakwal kuwa, a yanke tun farko cewa aikin na hutu ne. Kowane Oktoba malamai na ganin kujerun da ba a dawo kansu ba, don yaron da ya saba da dala ɗari a aljihu kullum, zaman aji na yi mashi nauyi. Alhali wanda ya kai ƙarshen karatunsa, ko ya haɗa da koyon lissafin kasuwanci a cibiyar koyon sana'a, shi ne gobe zai iya karanta faktir, ya riƙe littafin shiga da fita, ya san ko butik na ci gaba ko jari ake ci. Mai butik da ke ma yaronsa fatan alheri, shi ya kamata ya fara ce mashi ranar komawa lakwal ta yi, ya ajiye makulli ya ɗauki jakarsa, Asabar da Lahadi ya zo ya taimaka.